Na Turawa ko Na Indiya

Husaini mai haska fim a silima ya tsaya ƙofar gidan su Uwani a Unguwar Kanawa bayan la'asar. Jiya mahaifinta ya mayar da goron neman aurenta, ya ce ba zai ba ɗan silima 'yarsa ba.

Uwani ta fito, idanunta a kumbure.

Husaini ya ce, "Kin tuna tsohon wasan kwaikwayon nan da aka yi fim ɗinsa sau biyu? A na Turawa, saurayin ya sha guba a kan gawar budurwarsa. A na Indiya, guduwa suka yi tare kafin a cim musu. Na Indiyan na fi so, Uwani. Jirgin ƙasa na Legas zai tashi gobe."

Ta girgiza kai.

"A duka biyun mutuwa suka yi, Husaini. Ni rayuwa nake so da kai. Ba zan gudu ba. Ka koma ka durƙusa gaban Baba."

"In ya sake ƙi fa?"

"Sai ka sake dawowa."

Ta shige gida tana kuka. Husaini ya tuɓe takalmansa a bakin zaure, ya yi sallama.