Kumbon da Ba Ya Sauka

Injiniya ya tarar da Auta ita kaɗai a ofis, abincinta ya huce a gefen kwamfuta. Aikinta shi ne sa launi a hotunan duniyar Mushtari da kumbo ke aikowa. Yau wata guguwa ce ta cika allon, tana murɗewa kamar madara cikin shayi.

"Auta, jibi zan koma bakin aiki," ya ce, yana juya makullin mota. "Ki ƙara haƙuri, in na dawo zan turo su Kawu."

Karo na huɗu kenan yana faɗin haka.

"Ka ga kumbon nan?" ta ce. "Sai ya yi makonni can nesa, sannan ya matso, ya kalli Mushtari, ya wuce. Shi ba laifinsa ba ne, duniyar iska ce zalla, babu wurin sauka."

Sai yanzu ta ɗago, idonta ya kaɗa.

"Mu kuwa gidanmu da ƙofa, Injiniya. Bar su Kawu su huta."

Da ya fita, ta jawo kujera, ta ci gaba da shafa wa guguwar ja.