Mai Cinye Ragowa

"Taimaka ka cinye mini," na ce, na tura wa maigidana farantina.

Tun da aka yi mini tiyatar rage tumbi, loma kaɗan ke ƙosar da ni, amma hannuna bai daina cika faranti ba. Shi kuwa bawan Allah ya tsani a zubar da abinci. Sai ya share nasa, ya share nawa.

Ranar komawa asibiti ya raka ni, yana haki a matakala.

Likita ya yaba ramata, sannan ya ƙare wa maigidan kallo.

"Ashe ƙibar ba ta bar gidan ba, ɗaki ta sauya. Malam, hau sikeli."

An sa masa ranar tiyata. Ni damuwata ɗaya: wa zai riƙa cinye mana ragowa?