Shawarwarin Muhandis Jaji

Jaji ya zazzage leda a kan kafet ɗin falon Abdulghani, kwalabe suka gangara har ƙarƙashin kujera.

"Wannan na sauro ne, wannan na ƙunar rana. Kada ka ce ai kai baƙi ne, ranar can ba ruwanta da launinka."

Jaji injiniyan na'urar sanyaya ɗaki ne, shi ya sa ake ce masa Muhandis, mutumin Zariya, kwangila ta kawo shi Jidda. Bara kamfaninsu ya tura shi gyara a wani otal a wata 'yar ƙaramar ƙasa, tsibiri a tsakiyar teku, wadda sai ka matse ido kafin ka hango ta a taswira. 'Yan kwanaki ya yi, yawancinsu a kwance ƙarƙashin inji. Amma tun da ya dawo, babu wanda ya sha shayi da shi a unguwarsu ta Kurayyat bai sha labarin kwakwa da farin yashi ba. Har mai wankin unguwa ya san zafin ruwan tekun.

Abdulghani maƙwabcinsa ne, haifaffen unguwar Karantina a nan Jidda, ya dawo Kurayyat bayan rusau. Direba ne a wani gida a unguwar Abhur, mutum marar yawan magana. Ranar da ya tare Jaji a ƙofar masallaci ya ambaci sunan tsibirin, ya ce tafiya ta kama shi can, Jaji bai bar shi ya kai ƙarshen zance ba. Ya rungume shi, ya ce lallai ya yi sa'ar kafili, tunda maigidan da ke riƙe da takardun zamansa zai tura shi hutu. A ransa kuwa ya ɗan ji zafi: direba, a tsibirinsa. To tunda za a je, gara a je da iliminsa.

Daga ranar Abdulghani bai sake cin abincin rana cikin natsuwa ba. Jaji ya kai shi aka yi masa rigakafin shawara, ya ce katin nan mai ruwan ɗorawa ya fi fasfo daraja. Ya saya masa filogi mai baki uku, don soket ɗin can ba irin na nan ba ne. Ya hana shi ruwan famfo, ya hana shi ƙanƙara, ya hana shi taka murjani da ƙafa tsirara. Ya koya masa inda ake zama a kwalekwale don kada amai ya kunyata mutum gaban Turawa.

Tambayoyin Abdulghani ne kawai ke ɓata masa rai. Ko ana tuƙi ta dama ko ta hagu. Ko akwai mai jin Larabci. Ko mutum na samun ɗaki a cikin gari, nesa da otal-otal.

Jaji ya kira shi da sunan ɗansa, irin na Larabawa: "Haba Abu Rayan! Ka je aljannar duniya kana neman ɗakin haya? Rowa ce ko ƙauyanci?"

Abdulghani ya yi murmushi, ya ce, "Halas, Muhandis. Yadda ka ce."

Ana saura kwana kaɗan Jaji ya shigo duba kaya, ya tarar da manyan akwatuna biyu. Ya buɗe, ya yi dariya har da riƙe ciki. Bargo. Butar gahawa. Jallabiyoyi kusan duk na cikin kabad. Akwatin sifanoni. Ya ciro bargon ya ɗaga sama, ya ce ƙasar da ko fanka ba ta isa ba ake kai wa wannan. Jawahir, matar Abdulghani, ta karɓe bargon daga hannunsa, ta ninke, ta mayar. Idanunta sun yi ja. Jaji ya faɗa wa abokansa daga baya cewa haka mata suke, haushi take ji ba a tafi da ita ba.

Ranar tafiya shi ya tuƙa su zuwa filin jirgi, tunda Abdulghani ya rabu da tsohuwar motarsa. Tun daga Kurayyat har bakin ƙofa bakinsa bai huta ba. A sayi layin waya a filin jirgin can, kada a yarda da direban tasi na farko, a riƙe lema don ruwan sama ba ya sallama. A baya, Jawahir ta riƙe hannun mijinta, ɗansu Rayan ya kwantar da kai a kafaɗarsa. Jaji ya hango su ta madubi, ya girgiza kai. Tafiyar hutu, sai ka ce gidan makoki.

A bakin layi ya tuna abin da ya fi komai muhimmanci, ya dafe goshi.

"Tikitin dawowa! Ka buga shi a takarda? Ba sa barin baƙo ya shiga sai sun ga ranar fitarsa. Yalla, nuna min, in san ranar da zan zo ɗaukarka."

Abdulghani ya ajiye jakar hannunsa. Ya daɗe yana kallonsa, kallon mutumin da ya gaji da jiran a ba shi fili ya yi magana.

"Ni ba za su tambaye ni ba, Muhandis. Kafili ya soke iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, fita ce ba dawowa. Kakana da ya zo hajji ba shi da takarda, babana ya samo mana fasfo wurin wani dillali, na tsibirin nan. A wurin hukuma ni ɗan can ne. Gida ake mayar da ni, kuma duk cikinmu kai kaɗai ka taɓa ganinsa."