Tekun da Ta Bi Lissafin Farfesa

Kowace Litinin jirgin cibiyar bincike yakan kawo kwalabe ashirin na ruwan teku, a jera su a ɗakin Malama mai ƙirge. Aikinta shi ne ta ɗiga ruwan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ƙirga filankton, 'yan halittun nan da ido ba ya gani amma kifi ke rayuwa a kansu. Ranar Alhamis ta kai wa Farfesa adadin.

Farfesa kuwa ya daɗe da gamawa da teku. Ya tsara wani lissafi wanda in ka ba shi zafin ruwa da gishirinsa da hasken rana, kwamfuta za ta faɗa maka yawan filankton har shekara talatin masu zuwa. Lissafin ya ce ɗumamar duniya za ta rage su, amma a hankali, cikin ladabi, kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. Ya buga wannan a littafi, da jadawalin kowane mako a ƙarshensa, ya raba wa duk ma'aikata, har mai gadi.

Da farko teku ta yi masa rashin kunya. Adadin Malama yakan faɗi ƙasa da hasashen sosai, shi kuma ya mayar mata da takardar da jan biro: "Kuskure. A sake." Bayan an ba ta takardar gargaɗi ta biyu, aka ce ta uku kora ce, sai teku ta shiga taitayinta. Shekara bakwai ba a ƙara samun saɓani ba. Har ciwon idon da ke damun Malama ya warke, takan kuma tashi aiki da wuri ta ɗauko jikokinta daga makaranta.

Masunta ne kawai ba su da labari. Da suka ji ma'aikatar gwamnati za ta ninka izinin manyan jiragen kamun kifi bisa rahoton Farfesa, shugabansu ya zo ofis, ya cire hula.

"Yallaɓai, ruwan nan ya zama fanko. Kwana uku muke yi mu dawo da abin da bai cika kwando ba."

"Kai kana duba raga," in ji Farfesa, "mu muna duba hujja."

Aka sa hannu. Jiragen suka shigo. A watan ne aka ba Farfesa lambar yabo, a watan ne kuma Malama ta yi ritaya.

A wajen walimar ban kwana ya yabe ta har ya share ƙwalla. Ya ce a duk duniya babu lissafin da teku ta gaskata mako bayan mako kamar nasa, kuma idon wannan baiwar Allah ne shaida. Da aka watse, ya ja ta gefe.

"Malama, kafin ki tafi ki rubuta wa wanda zai gaje ki yadda kike aikin. Ba na son a koma gidan jiya."

Ta gyara mayafinta, ta miƙa masa mabuɗin ɗakin ajiya.

"Ba sai an rubuta ba, ranka ya daɗe. Kwalaben shekara bakwai suna ciki, ko ɗaya ban buɗe ba. Ka ce masa kawai ya ci gaba da kwafewa daga littafinka, ni na tsaya a shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu."