Takabar Hajjo

Tun ranar da motar majigi ta zo Danja, Ɗanasabe bai ƙara zama daidai ba. Fim ɗin na wata mata ne, Hajjo, wadda mijinta ya rasu tsakiyar damina, ta ɗauki garmarsa ta shiga gona don kada marayunta su kwana da yunwa. Jama'a suka sha kuka suka watse. Shi kuwa, gwauron shekara uku, so ne ya kama shi, har ya taho gida a ƙasa ya manta kekensa a fili.

Ga Hajjo da kunya, don ko sau ɗaya ba ta sauke mayafi daga fuskarta ba. Ko muryarta ba a ji ba, mai lasifika ne ke faɗin abin da ta ce. Huɗar da ta yi kafin azahar kuwa, ƙarti biyu sai sun kai la'asar.

Direban motar ya ce a wani ƙauye bayan Malumfashi aka ɗauki fim ɗin. Har Ɗanasabe ya ɗaura niyyar tafiya, sai ya tuna ba a yi wa mai takaba zancen aure. Tunda a gaban idonsa aka binne mijin, ya fara ƙirga daga ranar majigi, kullum ƙwayar masara ɗaya a cikin ƙoƙo. Yayarsa Shafa'atu ta nemo masa zawarawa har biyu, ya ce, "Yaya, bar wahalar da kanki, na yi mata."

Wata huɗu da kwana goma cif, ya sha aski, ya ɗaura goro a bayan keke, ya kama hanya yana waƙa.

Da ya tambayi gidan Hajjo ta majigi, mutanen ƙauyen suka dubi juna, suka rako shi gaba ɗayansu. Ɗanasabe ya ji daɗin wannan karamci ƙwarai.

A zaure ya tarar da wani ƙato mai gemu, Mudi. Ya durƙusa ya ajiye goro.

"Malam, in kai ne waliyyinta, na zo neman auren Hajjo. Na jira takaba ta cika, ko kwana ban rage ba."

Mudi ya ɓare goro ɗaya, ya tauna a hankali, ya share ƙwalla.

"Wallahi ka yi halacci, ɗan'uwa. Sai dai a garin nan babu magidancin da ya yarda a ɗauki matarsa hoto, shi ya sa ni masu fim ɗin suka lulluɓe da mayafin."