Askin Fita Harami a Rusaifa

Unguwar da aka haife shi a gefen dutse babu ita, sai fili da motocin haƙa. Gidan burodin tamis na Utaibiyya ya koma shagon waya. Mata suna tuƙi. Motocin bas sun samu lambobi, kuma a Rusaifa, inda suka yi ƙwallo ba takalmi, jirgin ƙasa ne yake tsayawa yanzu. Shekara goma sha ɗaya rabon Mahadi da Makka, tun ranar da aka zuba shi a jirgin tarhil na korar baƙi tare da sauran marasa iƙama, takardar izinin zama, aka sauke su a Nijar, ƙasar da a bakin iyaye kawai suka san ta.

Gab da azahar ya gama sa'ayi. A ƙofar Marwa masu aski suka yanyame shi, kowa yana nuna shagonsa. Ya ratsa su ya wuce. Mai umra ba ya fita harami sai an rage masa gashi, don haka da fararen ƙyallayensa biyu ya tari tasi, jaka a cinya, sumarsa tana gogar rufin mota. Jirgin ƙasan da zai kai shi Jidda ƙarfe uku zai tashi. Kafin nan akwai aski, akwai kuma saƙon abokinsa Mish'al zuwa ga mahaifinsa, saƙon da aka roƙe shi kada ya faɗa ta waya.

Sai da ya tambayi mutum uku kafin ya gane shagon askin da yake nema a Rusaifa. Ƙofar gilashi, sanyin na'ura, samari huɗu da injin aski a hannu. Ɗayansu ya kalli murɗaɗɗen gashin Mahadi, ya juya ya yi kira zuwa can ciki. A nan, kusa da famfon wanke kai, kujerar Ammi Rabi'u, mahaifin Mish'al, take. Duk mai gashi irin wannan shi ake tura wa.

Tsohon ya fito yana goge tabarau, ya zagaya ta baya.

"Wannan ƙeyar na san ta," in ji shi. "Mahadi ɗan Hajo. Ya walad, kai ne ka zama ƙato haka? Zauna."

Mahadi ya zauna. A tasi ya jera maganar tsaf. Yanzu ya nemi farkonta ya rasa.

Ammi Rabi'u bai jiƙa gashin ba. Gashi mai murɗewa in aka aske shi a jiƙe, da ya bushe sai ya shige ciki, mutum ya ga an cinye masa rabi. Ya ɗauki mataji mai manyan haƙora yana ɗaga sumar sashe sashe, har ya tsaya a bayan kunne.

"Wa ya yi maka wannan ɓarnar?"

"Wani ne a Marwa, ranar Talata."

"Talata ka yi umra, yau kuma wata? Kai da sai an watsa maka ruwa kake tashi sallar asuba?"

"Mutum yana canzawa, Ammi."

Almakashi ya fara aiki. Tsohon ba ya sauri. Kowane murɗi sai ya ja shi da yatsa biyu, ya sake shi ya ga inda zai koma, sannan ya datse. Agogon bango ya ce ɗaya da rabi. Mahadi ya kalli agogon, ya kalli titi ta gilashi, ya gyara haramin da ke zamewa daga kafaɗarsa.

"Daina motsi, kar in cire maka kunne. Ina abokin naka? Wata biyu ina kira ba ya ɗagawa. Ko aure ya yi ya manta yana da uba?"

"Ammi, dama..."

"Sunkuya."

Ya sunkuya. Baƙin gashi yana zuba a kan farin ƙyallen da ke cinyarsa.

"Shi nasa gashin ya fi naka taurin kai," tsohon ya ci gaba. "Mataji uku ya karya mini yana yaro. Ban san wa yake taɓa masa shi a Damagaram ba. Na tabbata ƙwal suke yi masa, don ba su iya ba."

Mahadi ya sake kallon agogo. Ƙarfe biyu saura kwata.

Ammi Rabi'u ya bi kan gaba ɗaya, gaba da baya da gefe, don askin umra ba a barin wani sashe. Ya kakkaɓe masa wuya, ya riƙa masa madubi ta baya, ya yi masa barka da aski irin ta Makka.

"Na'iman. Allah ya karɓa."

"Amin," in ji Mahadi.

A ɗakin baya ya cire haramin, ya sa riga da wando. Ya naɗe ƙyallayen ya tura a jaka, ya ja zip, ya duba tikiti a waya har sau biyu. Tashar tana can ƙarshen titi. Ya rataya jakar, ya sumbaci kan tsohon, ya nufi ƙofa da sauri, har hannunsa ya kai kan mariƙi.

Ammi Rabi'u yana share gashin da ke ƙasa ya ce, "Tunda kai ka samu biza, ka ce wa Mish'al shi ma ya nema. Ya zo ya yi tasa umrar, in yi masa aski kafin hannun nan ya fara rawa."

Mahadi ya saki ƙofar ya juyo.

"Ya riga ya yi, Ammi. Da sunansa na ɗaura niyya yau da safe, wata biyu bayan na binne shi a Damagaram, kai kuma yanzu ka kammala masa ita da almakashinka."