Yatsu Biyu a Bangon Zaure

Ina ɗan shekara tara Babanmu ya sayo siminti zai shafe zauren gidanmu na Ƙofar Gayan. A jikin bangon akwai shatin tafin hannun mahaifin Kaka, wanda ya gina gidan. Shi ya danna shi tun yaɓen yana ɗanye.

Bayan la'asar Baba ya ɗauki diga yana kankare tsohon yaɓe. Sara ɗaya, yatsu uku na shatin suka zube. Kaka, wanda da ƙyar yake tashi daga kan buzu, ya zabura ya rarumi tubali ya rotsa masa a goshi. Baba ya durƙushe, jini na tsiyaya a kan jar ƙasa. Kaka ya bi shi da sanda har ta karye.

"Malam, ƙasa ce fa!" in ji Baba.

"Kai da me aka yi ka? Hannun ubana ka karya!"

Bayan shekaru, da wannan tabon a goshinsa Baba ya koma ga Allah.

Bara wani magini ya nufi yatsu biyun da suka rage da cokalin siminti. Ban san lokacin da na shaƙe masa wuya ba.